Kwale-kwalen Kaka

Kawu,

Ku yi haƙuri da na yi ƙarfin halin rubuto muku. Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Yamai? Mu nan Diffa lafiya lau.

A lise, wato makarantar sakandare, ana koya mana tsara manhajar kwamfuta: a ɗauki abu, a faɗi siffofinsa da aikinsa. Malam ya ba ni kwale-kwale, sai na kwatanta na Kaka da muka baro a Bosso, har facin kwaltar da kuka yi masa. Ya ce, "Falmata, duk kwale-kwale nake nufi, ba ɗaya ba." Ni kuwa shi kaɗai na sani, kuma na fara manta launinsa. Shuɗi ne ko kore?

Ku sa ni a addu'a, ku gaida Inna Yagana. Kun yarda in sake rubutowa?

Ɗiyarku,
Falmata