Wa Ya Amsa Sallamata?

Catford, Landan

Lantana ƙanwata, salamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ciwon ƙafarki? Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Cikin 'yata Zinatu wata bakwai ke nan, tana cin abinci sosai.

Amma ba zan ɓoye miki ba, kwana huɗu ba ni da natsuwa. Ran Asabar mijinta Uwaisu ya saya mana tikiti, aka kai mu wani tsohon gidan sarki, na zamanin da suke ce wa Tudor. Ba mai kwana a ɗakunan nan. Kango ne, an dai share shi. Na ce mai ciki ba ta shiga kango, suka yi mini dariya.

Baturiyar da ke zagayawa da mu tana ta zuba, Zinatu na fassara mini, wai a ɗakin gaba wata matar sarki ta mutu bayan haihuwa. Na riga kowa isa ƙofar, na yi sallama yadda Inna ta koya mana. Lantana, an amsa. Muryar mace, ƙasa-ƙasa. Na leƙa, gado ne kawai da labule. Kafin in buɗe baki Zinatu ta shige.

Da na faɗa wa Uwaisu a gefe, ya ce wata ma'aikaciya ce Musulma. To me ya hana ta fitowa?

Gawa bakwai na wanke ban ji ɗar ba, ba don kaina nake tsoro ba. Ki kai wa Malam Inuwa sunan Zinatu, a yi mata sauka kafin Juma'a. Kada ki faɗa mata. Ita ba ta ji komai ba, bar ta haka har ta haihu.

Yayarki,
Tasalla