A Kan Al'adar Neman Jijiya Kafin Duba Numfashi

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Asibiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne Habibu Ɗanladi na unguwar Paris-Congo, mai takardar lisans, wato digiri, a ilimin jinya. Manufata a fili take: ina ƙalubalantar wata al'ada ta sashenku na irjans, wato ɗakin taimakon gaggawa, wadda na yi imani ta hana kawuna damarsa ta ƙarshe.

Ranar Talatar makon jiya, bayan azahar, kawuna Malam Sale, mahauci a mayankar Farcha, ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Muka kawo shi a tasi. A ƙofarku numfashinsa ya tsaya, a kan cinyata.

Ƙorafina na farko. Ma'aikata biyu suka karɓe shi, ba wanda ya duba maƙogwaronsa ko ya danna ƙirjinsa. Hannunsa suka kama suna neman jijiyar ƙarin ruwa. Ranka ya daɗe, ruwan da aka ɗura wa zuciyar da ta tsaya, wa zai kai shi ko'ina? Wannan ba magani ba ne, taƙlidi ne, bin na gaba ba tare da hujja ba.

Na biyu. Na bayyana matsayina na ilimi, na nemi izinin danna ƙirjin da kaina. Majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya sa aka fitar da ni, bisa dalilin cewa tun kafin a haife ni da ƙarin ruwa ake farawa, kuma danna ƙirji sai likita ya iso. Na ɗaga murya, wannan kam na amsa laifina. Ba na zarginsa da mugunta. Dattijo ne, na ga gumi a goshinsa. Abin da aka koya masa ya yi da gaskiya. Amma tsufan ƙa'ida ba ya zama burhanin ingancinta. Likita ya iso ana kiran la'asar, aikinsa kawai ya rufe idon mamaci.

Na sani ajali ba ya jira. Sai dai tawakkali bayan ƙoƙari yake zuwa.

Buƙatuna su ne: a halatta wa kowane ma'aikacin jinya fara danna ƙirji nan take, a horar da su, kuma a nuna mini inda aka rubuta waccan ƙa'ida, in har rubutacciya ce.

Matar marigayin, Inna Hajara, ta tambaye ni ko an yi masa duk abin da ya kamata, ni da na yi karatun. Na sunkuyar da kai. Don haka ina neman amsarku a rubuce, da sa hannu da hatimi, kafin ranar sadakar arba'in. Amsar zan karanta wa Inna Hajara. In amsar ba ta zo ba, abin da idona ya gani zan faɗa mata.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa ceton rayuka a hannunku.

Wassalam,
Habibu Ɗanladi