Ramin Baba

Asabar, 8 ga Yuni

Na fita da jirgin ruwana daga tashar Point Judith da hantsi, na daidaita tankin ruwan gari da hasumiyar coci yadda Baba ya koya mini, na iso raminmu na ƙasan teku inda muke kama fuluk, kifin nan mai faɗi. Jirage na tarar sun yi cincirindo! A wurin da tun rasuwar Baba ba wanda ya sani sai ni da 'yata Noreen, sai kuma aminina Dwight. A tsakiyarsu ga sabon jirgin Dwight ɗin, cike da baƙin da suka yi hayarsa, kowa da sandarsa ta kamun kifi. Har hannu ya ɗaga mini, marar kunya. Ko ƙugiya ban jefa ba na juyo.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ban je coci ba. Dwight yana can, layi ɗaya muke zama.

Alhamis, 13 ga Yuni

Abin na ci mini rai. Mutumin da ya zo garin nan bai san gaban jirgi da bayansa ba! Ni na ɗaura masa gashin wutsiyar barewa a ƙugiya mai dalma. Ni na riƙe hannunsa ina cewa sake ta har ta taɓa ƙasa, ɗan ɗaga, bar ta ta faɗi, fuluk a kwance yake, a faɗuwar yake cafka. In ka ji nauyi kada ka fizga, ba shi lokaci ya haɗiye. Shi ko sai ya fizga kamar mai cire haƙori, mu yi ta dariya. Ranar da na nuna masa ramin cewa ya yi, "Vern, da shi za a binne ni." To ga shi da ransa.

Asabar, 22 ga Yuni

Mun yi kiciɓis da Dwight a shagon koto, abincin da ake sa wa kifi a ƙugiya. Wai, "Tsoho, har yanzu fushi kake? Teku gonar ubanka ce?" Na ce teku ba tasa ba ce, amma ramin nasa ne. Sai cewa ya yi kifi ba ya ƙarewa. Mai shago ya sunkuyar da kai yana ta goge kanta. Kowa a tashar nan ya san ba a sayar da ramin wani. Na fita, koton ma na manta shi a can.

Asabar, 6 ga Yuli

Na leƙa ramin. Ƙanana kawai, duk na mayar da su ruwa. Sun tatse shi tas.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na samu sabon wuri jiya, ƙasansa farin yashi, ba zan rubuta inda yake ba. Fuluk ɗaya na ciro, faɗinsa ya kusa murfin sanduƙin ƙanƙara. Noreen ta zo cin abinci, ta same ni ina shirin feɗe shi.

"Kai Baba! Ina ka samo wannan ƙato?"

Na ce ƙarƙashin gada.

Ta tsaya tana kallon bayan kifin. Fuluk launin inda ya kwanta yake ɗauka, na gada baƙi ne saboda laka, wannan ko fari sol. Ta sani, tare muka sha kama na gadar. Sai ta ce, "To, Baba," ta ɗauki wuƙa ta taya ni.

Ba ƙarya ba ce can can, taka-tsantsan ne. Amma ba ta tambaye ni yaushe za mu fita kamun kifi ba, kamar yadda ta saba.