Ba Su Faɗa Mana Ranar Ba, Isuhu

Zuwa ga ƙanena, Kaftin Isuhu na sojan sama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa, ina sanar da kai cewa gobe matarka Rabi za ta fita takaba. Na ce gobe domin haka muka ƙidaya. Ko ƙidayar ta yi daidai, kai ka sani, mu ba mu sani ba.

Ka san aikina. Shekaru ina rubuta labarai, na kuma saba da kalmomin da manya ke ɓuya a bayansu. Da sojoji suka zo gida Illela da tuta a naɗe, sun ce jirginka mai saukar ungulu ya faɗi a fagen daga "kwanakin baya", an kuma yi maka sutura a can. Na tambayi ranar. Suka ce sirrin aiki ne. Ni ban nemi sunan daji ba, ban nemi inda kuka dosa ba. Rana kawai na tambaya.

Su a buro, wato ofishinsu, rana ba komai ba ce. A gidanmu kuwa da ita ake lissafin wata huɗu da kwana goma. Liman ya ce takaba tana farawa ne daga ranar da miji ya cika, ba ranar da labari ya iso ba. Da muka rasa amsa, sai ya ce Rabi ta kama daga ranar da aka faɗa mata, don ta fita daga shakka. Ta kama. Ba tsawon zaman ne ya dame ta ba.

Abin da ke cin ta, Isuhu, bikin ƙanwarta ne a Badagishiri. Wayarka ta riga ta yi shiru a lokacin, amma ka saba mana da haka in kuna daji. Ta taso daga nan ta biya gidan iyayenta a Malbaza, ta sha lalle har gwiwar hannu, ta ɗaura shaddar da ka aiko mata, ta yi rawa gaban makaɗa har mata na yi mata guɗa. Yanzu tambayarta guda ce: shin lokacin da take rawar nan kana numfashi, ko kana ƙasa?

Ta je bikin ne domin Laminu ya ce ta je.

Laminu naka, wanda kuka yi karatun lakwal tare a Ƙonni, kuka sa kaki tare, wanda Inna ke kira ɗanta. Ana gobe biki ya biyo ta gidanmu. Inna ta dama masa fura da kanta, ta zauna tana kallonsa yana sha. Ya ce, "Auta na nan lafiya, Inna, ya ce a gaishe ki." Rabi ta ce ita ba ta jin daɗin tafiya ba ta ji muryarka ba. Ya yi dariya, ya ce, "Amarya, je ki sha bikinki, mijinki dai rowar waya gare shi."

Ranar da aka kawo tuta, yana cikin masu kawowa. Na ja shi zaure na tambaye shi, ran da ya sha furar nan, ya sani ko bai sani ba. Ya dubi takalminsa ya ce, "Yaya, ba a ba ni izini ba." Na sha jin wannan amsa daga bakin mutanen da ban sani ba, ba ta taɓa yi mini ciwo ba. Sai da na ji ta daga wanda kai da kanka ka ce mini, in wani abu ya faru, shi zai fara zuwa ya faɗa mana gaskiya.

Rabi ta tambaye ni ko na gano. Na ce mata ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ina da zato, amma ba na buga zato a jarida, ba zan kuwa ɗora shi a kan matarka ba. Mutum guda ne zai iya sauke mata wannan kaya, ya zaɓi ya bar ta da shi.

Na tuna kana yaro, in jirgi ya gitta sama, sai ka yar da hauya ka bi shi da gudu har ƙarshen gona, Baba na kiranka kana yi kamar ba ka ji ba. Ban taɓa jin haushin sama da ta ɗauke ka ba, Auta. Aikin da kake so ne, ka kuma mutu a kansa.

Laminu ya aiko cewa zai zo sadakar gobe. Inna ta ce a shimfiɗa masa tabarma, gidan ɗan'uwansa ne. Amma ta ce fura, sai dai wani ya dama. Rabi kuwa za ta yi wanka, ta sa sababbin kaya. Mata sun kwaɓa mata lalle tun ɗazu, ta ce su rufe shi su ajiye, sai ranar da ta ji amsa.

Allah ya jiƙanka, ya karɓi shahadarka, ya haskaka kabarin da ba mu taɓa gani ba. Shi da ya san ranar, ya sanyaya zuciyar Rabi.

Yayanka da ke jira,
Mahamadu