Busar Baba a Faifan Mahmudu

Wad Haddad, Jazira
Litinin, 10 ga Janairu, 1972

Zuwa ga yayana Audi, a Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, ya ƙara maka tsawon kwana mai albarka, ya sauwaƙe maka ciwon ƙirjin da aka ce yana damunka in sanyi ya shigo. Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi. An fara tsintar auduga, tur'a, wato magudanar ban ruwa, cike take da ruwa, hawashata, wato gonata ta auduga, ta yi kyau bana har maƙwabta suna tsayawa kallo. Motocina biyu suna kan hanyar Madani kullum, injin niƙa kuma ba ya hutawa. Maiɗakina Mero tana fama da gwiwa, amma bakinta lafiya lau. Ɗiyarka Hannatu ta gama karatun malanta, tana koyar da 'yan mata a nan garin.

Yaya, wata biyar ke nan da na rubuto maka kan auren Hannatu, ban ga amsa ba. Na ɗora laifin a kan gidan waya, amma a raina na san ba su ba ne. Kai ne waliyyinta tun da kai ne wan mahaifinta, na roƙe ka ka aiko da takardar wakilci, na kuma ce inda za ka rubuta sana'arka ka sa ɗan kasuwa, kada ka sa mai algaita. Na san abin ya sosa maka rai. To ga abin da ya biyo baya, wanda ya hana ni cin abinci kwana tara.

Ka san wanda ke neman ta Jibirin ne, ɗan Malam Abdulmuttalib limamin unguwarmu, kuma yarinyar tana son shi, shi ma haka. Gidansu gidan karatu ne tun kakanni, ba sa ba da aure ko su karɓa sai sun bi asali. Da idona na ga Malam ya sallami wani yaro mai hankali da ya zo neman ɗiyar ƙanensa, don kawai an ce kakansa mahauci ne. Ranar da suka zo tambaya, Malam ya tambaye ni me mahaifinmu yake yi. Na ce fatauci, na ce ya zauna Makwar lokacin ginin madatsar ruwa. Rabin maganar gaskiya ce, ka sani. Aka yi addu'a, aka sa rana bayan an gama auduga. Shekara talatin nake garin nan, ba wanda ya taɓa kirana ɗan maroƙi. Alhaji Salihu mai mota suka sani, wanda ya zo da riga ɗaya da karatun wusɗa, wato midil, na shekara biyu, ya yi abin da ya yi da hannunsa, ba gado ba taimakon kowa.

Ranar Asabar, yau kwana tara ke nan, da hantsi, na bi ta kasuwa zan duba kayan injin. Sodangi mai shayi yana da garmaho a rumfarsa, direbobi ke kawo masa fayafayi daga Madani. Tun daga nesa na ji wani kiɗa mai ƙarfi irin wanda yaran Hartum ke kira jaz, ƙahoni da yawa suna tashi tare, ganguna na bin su a guje. Ban kula ba, don ba abin da ya haɗa ni da shi. Sai duk suka yi tsit lokaci guda, ƙaho ɗaya ya fito shi kaɗai. Yaya, wallahi ƙafafuna suka tsaya da kansu. Busar Baba ce. Wadda yake yi wa masu ɗaukar dutse a Makwar da safe in za su fara aiki, mai hawa sau uku sannan ta riƙe numfashi. Ba kama ba ce, ita ce. Sauran ƙahonin suka karɓe ta, wannan ya jefa wa wancan, kamar mutum goma sha bakwai sun taru suna hira a kan Baba a tsakiyar kasuwar Wad Haddad.

Sodangi ya hango ni ya ɗaga murya, wai Alhaji in zo in ji ɗana, wai ashe akawun da na tura Hartum da ƙaho yake rubutu, wai in zauna yau shayina kyauta ne tun da na haifi mai shiga faifai. Mutane suka yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Ya miƙo mini kwalin. Ga su nan jere cikin kwat da wando, ga Mahmudu ɗana a sahu na biyu, riƙe da wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa da suke kira saksafon. Na san yana busa a wata ƙungiya bayan tashi daga ofis, mun yi faɗa a kai har na gaji na ƙyale, na ce ƙuruciya ce. Ban san sun je Alƙahira sun yi faifai ba. Na juya bayan kwalin. An rubuta da Larabci cewa waƙa ta uku sunanta Maliki a Makwar, Mahmudu Salihu ne ya tsara ta, ya gaje ta daga kakansa Maliki mai algaita, wanda ya yi wa maginan madatsa busa. Baƙi a kan fari, da sunana a tsakiya. Allah ya taimake ni Sodangi ba ya karatu. Na ce ya ara mini, na sa a hammata.

Kafin in tashi sai wani abu ya faru. Akwai wani tsoho, Ɗan'auta, idonsa ya mutu, kullum yana zaune a gefen rumfar. Tun da aka fara busar ya miƙe tsaye, yana ɗaga kafaɗa ɗaya kamar mai saɓa kaya. Da ta ƙare ya ce wannan busar Maliki ce, shi ya ɗauki dutse a kanta shekara uku, in Maliki ya busa ta ko mai zazzaɓi sai ya tashi. Ya ce Nasara mai kula da su ya taɓa hana busar, aiki ya ƙi ci, da kansa ya aika a kira Maliki. Sannan ya juyo wajen da yake jin muryata, ya ce Alhaji wa ya koya wa yaronka wannan, don Maliki 'ya'ya biyu ya bari kuma bai san inda suka shiga ba. Yaya, na ce masa yaran yanzu suna tsinto abubuwa ko'ina. Haka na ce. Tsohon ya koma ya zauna, yana share ido da hannun riga.

Kashegari na shiga mota da kaina na tafi Madani, niyyata in kwashe duk faifan da ke shagon in zuba a tur'a. Mai shagon ya dube ni ya ce ya zol, wato bawan Allah, ko na saye shagon da shi a ciki ba abin da zai hana, rediyon Umdurman yana sa waƙar safe da yamma, wani kaya kuma yana hanya. Daga nan na nemi Mahmudu ta waya a ofishinsu. Na zage shi, ban rage ba. Na ce ya tona mini asiri, ya rushe auren ƙanwarsa, na tambaye shi wane munafuki ne ya koya masa. Ya bari na gama, sannan ya ce labarin Baba a wurin Inna ya ji kafin ta rasu, ita ta ce kada ya bari sunan ya ɓace. Busar kuwa, ya ce, a bakina ya koya. Wai tun yana ƙarami, duk lokacin da nake ɗaure bel ɗin injin niƙa ko ina ƙarƙashin mota, ita nake yi da fito. Na ce ƙarya yake, na ajiye waya.

Da na dawo gida na gaya wa Mero, ina jiran ta taya ni faɗa. Ta ajiye tsintsiya ta ce Alhaji, ai shekara ashirin da takwas tana jin wannan fiton, har ta san in na kai hawa na uku to ƙusar ta ɗauru, ta ɗora shayi. Ta ce ma'aikatan injin ma sun iya ta. Ta ce ita tun ranar da Inna ta shigo gidan nan ta san ko ɗan wane ne ta aura, kuma ba ta ga ya rage mata komai ba, sai dai wahalar yin kamar ba ta sani ba.

Hannatu ce ke karya mini zuciya. Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta ce uffan kan ɗan'uwanta ba. Kayan ɗakin da take ɗinki ta naɗe ta mayar cikin akwati. Ta gaya wa uwarta Jibirin ya ji waƙar a rediyo, ya ga kwalin a wurin wani abokinsa, ya ce shi ko kakanta wane ne yana son ta, amma ba zai iya tsallake maganar mahaifinsa ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma ba zan so surukin da ke tsallake uba ba. Jiya kuma bayan azahar Malam ya aiko cewa yana son ganina ranar Alhamis bayan la'asar. Bai faɗi dalili ba. Mai yiwuwa maganar rana ce, mai yiwuwa ya ji. A masallaci yana amsa gaisuwata kamar kullum, ina ta duban fuskarsa ban karanta komai ba. Tun jiya nake lissafin abin da zan ce. Na yi tunanin in ce wani Maliki ne daban. Na yi tunanin in ce yaron ya ƙaga labarin don faifai ya sayu. Duk wanda na ɗauka sai in ga Ɗan'auta yana share ido, in ga kuma na mai da ɗana maƙaryaci a gaban limami don in tsira.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Na sayo garmaho a Madani ran nan, na ce wa Mero na Hannatu ne. In kowa ya fita nakan rufe ɗaki in sa waƙar, na ji ta ya fi sau ashirin. Yaya, yaron yana da numfashin Baba. Wurin nan da Baba ke cika kumatu ya riƙe murya ɗaya har mutane su fara duban juna, haka Mahmudu ya riƙe ta, ga sauran ƙahonin suna jiransa kamar yadda masu dutse ke jira. Bai taɓa ganin kakansa ba. Ni da na gan shi, na ci daga abin da algaitar ta kawo, da shi aka sa ni makaranta, ni ne na ce fatauci. Ka tuna ranar da yaran makaranta suka bi ni suna kumbura kumatu, na dawo na ce wa Baba kada ya ƙara zuwa ƙofar makarantarmu. Daga ranar bai ƙara zuwa ba. Kai ka mare ni a ranar. Na riƙe marin nan a raina shekaru, yau na sake shi.

Ga shawarar da na yanke, kuma takardar nan ba za ta iso ka ba sai an riga an yi. Ranar Alhamis zan je da faifan a hannuna. Kafin Malam ya buɗe baki zan ce masa abin da na faɗa ranar tambaya ba daidai ba ne, mahaifina mabushi ne, wana ma haka, ɗana kuma ga shi. In ya ce an fasa, ban san yadda zan dubi Hannatu ba, don ba busar Baba ce ta jawo mata ba, ƙaryata ce. Ban saba shiga wuri ban san yadda zan fito ba. Ka taya mu da addu'a, ka sa yara su yi mana. In na fito daga gidan Malam, ko da wane labari, zan biya rumfar Sodangi in ba Ɗan'auta amsar tambayarsa.

Abin da nake roƙonka biyu ne. Ka aiko da takardar wakilcin ko da ba a san ko za ta yi amfani ba, ka rubuta sana'arka yadda take, ka yafe mini waccan takardar. Na biyu, zan ba wani alhaji mai komawa gida faifai ɗaya ya kawo maka. Ka saurara ka gaya mini, don ni a tunanina Baba yana sauke ƙarshen busar ƙasa ne, Mahmudu kuwa ya ɗaga ta sama. In shi ya yi kuskure, daga bakina ya ɗauka, sai ka gyara mu duka biyu, tun da algaitar tana hannunka.

Ka gaishe mini da Yaya Talatu da kyau, da Maryamu da mijinta, da Asabe da yaranta, da ƙaramin Maliki mai sunan Baba wanda ban taɓa gani ba. Mero tana gaishe ku, Hannatu tana gaida babanta tana neman albarka. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya haskaka kabarinsu, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Salihu ɗan Maliki mai algaita