Ƙofar da Ya Rufe

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san labarin gobarar masana'antar fenti ya iso ku. Ki kwantar da hankalinki, Baban Yara lafiyarsa ƙalau. Shi ne ma ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe ɗakin ajiyar da ke ci da wuta kafin wutar ta kai gangunan sinadari. Mutum arba'in suka tsira. Sai dai wani tsoho mai shara, mai ɗingishi, ya rasu a ciki. Kowa sa wa mijina albarka yake, ni kuwa tausayinsa nake ji. Ki taya shi da addu'a.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya kuke?

Jiya da rana na tarar da Baban Yara gaban madubi yana ta sauya fuska. Ya tambaye ni wacce ta fi dacewa da zuwa yi wa iyalan marigayin ta'aziyya. Na ɗauka ruɗewa ce. Na zaunar da shi, na ce ai bai san da mutum a ciki ba.

Yaya, ya sani. Ya ce sun haɗa ido, tsohon na tahowa, saura taku goma. Wai mai yiwuwa da ya jira da ya fito, amma bai ga dalilin yin caca da rai arba'in kan mutumin da ya kusa ritaya ba. Lemo yake ɓarewa yana faɗa, har da miƙo mini.

Ban ce ya yi kuskure ba. Amma wani ai ko ruwa sai ya kasa haɗiya. Na ce da ni ce fa? Ya tsaya yana lissafi, wallahi lissafi, sannan ya ce ya danganta da yawan mutanen da ke waje. Na ambaci yaranmu, amsar ba ta sauya ba. Kukana ma mamaki ya ba shi, wai ba gaskiya nake so ba?

Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya! Kin tuna rasuwar Inna? Shi ya fi kowa kuka. Yanzu ban san me na gani ranar ba.

Ranar Asabar zan taho da yaran. Na ce masa hutu ne. Ya yi murmushi, ya ce in gaishe ki da kyau.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Auta