Mai Leƙa Ƙarƙashin Mota

Manassas, ranar Juma'a

Zuwa ga maigidana, Abban Nana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da biyayya, ina fatan wannan rana ta same ka cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kake. Amma jiya na fita takaba, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya shekara biyar, ta ƙi haɗiyuwa.

Bari in fara da labarin gida. Nana lafiyarta lau. Ta daina tsayuwa a taga da la'asar, amma takalminka na aiki ba ta yarda a taɓa shi ba, yana nan bakin ƙofa da busasshen taɓonsa. In na yi mata Hausa da Turanci take mayar mini, kuma yanzu da ba ka nan babu mai ce mata Baturiyar Maraɗi. Matanmu Hausawa na garin Wheaton sun yi mini karamci, kowace Asabar sai wata ta zo da kwanon abinci. Tumatirin da ka shuka a bayan gida ya nuna. Na yi miya da shi, na kasa ci.

Ka san ni da littafi. Ranar da ka ɗauko ni daga filin jirgi ka ɗaga akwatina ka ce ko duwatsun Katsina na kwaso. Littattafan soyayya ne. A cikinsu miji kullum yana cikin farar shadda, yana ƙamshi, yana da ofis mai sanyi da magana kamar zuma. Tun da aka ce mijina yana zaune kusa da Washington na gama zana ka a raina. Sai na zo na tarar da mutum mai fita da hular kwano, ya dawo da warin man gas da ƙaron itace, garin katako har cikin kunne. Aikinka tuƙa injin nan mai tayoyi sun fi mutum tsawo, wanda ke jan gumagumai daga tsakiyar daji zuwa inda ake lodi.

To, ga maganar. Na ce wa Inna da ƙawayena aikin ofis kake yi. Ka tuna ranar da na matsa maka ka sa kwat, muka shiga birni na ɗauke ka hoto a gaban wani farin gini mai matakala? Ba don sha'awa ba ne. Shi na aika gida, na ce nan ne ma'aikatarku. Kuma na san ka sani. Wata rana ka shigo ina waya, ina ce wa Inna ka gaji da takardu. Ka ajiye ledar cefane, ka wuce ka yi alwala. Ba ka taɓa tayar da zancen ba. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba? Da ka yi, da na sami bakin neman gafara.

Akwai ɗabi'arka ɗaya da ta fi ba ni kunya. Ba ka taɓa tayar da mota ba sai ka zagaya ta, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Ko ranar Sallah, da sabuwar shadda, mutane suna kallo. Nakan shige mota in rufe fuska da mayafi. Sau ɗaya na yi mita, ka ce tun kana tuƙa babbar mota tsakanin Maraɗi da Agadas ka koya. Can idan rana ta take, babu inuwa sai ƙarƙashin mota, akuya na shiga, mutum ma na shiga ya yi barci, don haka direban kirki ba ya murɗa makulli sai ya kai gwiwa ƙasa. Na ce nan Amurka ce, babu akuya. Murmushi kawai ka yi.

Ranar sadakar uku abokan aikinka suka zo, su shida. Ba wanda ya ce musu komai suka cire takalma a ƙofa. A cikinsu akwai wani dattijon Bature mai furfurar gemu, Dale sunansa. Ya zauna a ƙasa tare da maza, ya nemi a kira matarka, ya yi magana a hankali don in fahimta.

Ya ce da fari su ma dariya suke maka, har sun sa maka suna mai neman akuya. Sai wata rana, shekara biyu da suka wuce, ya ga mai yana ɗiga daga injinka lokacin hutun abinci. Ya rarrafa ƙarƙashi don ya ɗaure bututun, bai gaya wa kowa ba. Aka gama hutu, motar lodi na jira, shugabanku yana daga nesa yana yi maka alama ka yi sauri. Ba ka hau ba. Ka zagaya yadda ka saba, ka durƙusa, sai ga ƙafafun mutum. Ya ce kansa yana jikin taya. Ya ce daga ranar babu wanda ya ƙara tayar da inji a cikinsu sai ya leƙa, har shugaban.

Na tuna ranar, Abban Nana. Ka dawo ba ka ci tuwo ba, ka daɗe a kan sallaya. Na ɗauka miyar ce ba ta yi maka ba, na yi fushi na koma kan littafina. Ina can ina zubar da hawaye a kan wani saurayin takarda, alhali mutumin da ya ceci rai da rana yana zaune taku uku daga ƙafata.

Shi ne kuma ya gaya mini yadda ka tafi. An kwana uku ana ruwa, gangaren ya jiƙe. Kana saukowa da gumagumai sai ƙasa ta zame, injin ya fara sulala da nauyinsa. Ta hannun dama a ƙasa akwai mutum uku suna wasa zarto a bayan tarin rassa, inda na cikin inji ba ya ganinsu. Amma kai ka san suna wurin, don kafin ka hau sai da ka zagaya ka ga inda kowa yake. Ta hagu kwazazzabo ne. Dale ya ce ƙofa na kusa da hannunka, kana da damar dirowa ka bar injin ya bi inda ya ga dama. Ba ka diro ba. Ka karya shi hagu.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai. Mutum uku ka tuna, ni da Nana fa? Na yi makonni da wannan tambaya. Amma mutanen ukun suna cikin waɗanda suka zauna a falonmu, ɗayansu ya nuna mini hoton 'yan biyunsa yana kuka. Da ka diro, da wane ido za ka dawo gida ka dubi Nana? Na san ka. Ashe na san ka, sai dai na ƙi karanta ka.

Abin da ya fi damuna shi ne, a Katsina an ɗauka hatsarin mota ka yi a hanyar dawowa daga ofis, ni kuma ban gyara ba. Wata huɗu ana yi wa mai kwat addu'a, mutumin da ni na ƙirƙira. Na ga idan na yi shiru, shi Nana za ta gada a matsayin uba.

Jiya bayan na yi wankan fita takaba na kira Inna. Na gaya mata komai, inji da taɓo da hoton ƙarya da kwazazzabo. Sai ta ce ai ta sani tun ranar da ka zo gaishe ta, da ka miƙa hannu biyu ka karɓi kwanon fura. Ta ce hannun da ta gani ba na mai riƙe biro ba ne, kuma hannun ne ya sa ta yarda ta ba ka ni. Ta ce ta zuba mini ido ne in girma. Ta yi maka addu'a mai tsawo, ta ce in aiko mata hoton surukinta na gaskiya.

Ina da shi. Dale ya kawo mini. Sun ɗauke ka ne don tsokana, kana durƙushe gefen ƙatuwar taya, hular kwano ta karkace, fuskarka ma ba ta fito sosai ba. Na sa an wanke guda biyu. Ɗaya zai tafi Katsina, ɗayan na rataye inda mai kwat yake a da.

Ban daina karatu ba, kada in yi maka ƙarya ta biyu. Sai dai yanzu idan jarumin littafi ya fara dogon zance, hannunsa nake so in gani.

Ina koyon tuƙi da motarka. Yau da safe za mu je kasuwa, maƙwabta na waje, na zagaya ta, na tattara zanina na durƙusa. Nana ma ta durƙusa kusa da ni, ta tambaye ni me muke nema. Na ce mata haka babanta yake yi. Babu komai a ƙarƙashin sai ganye. Muka kakkaɓe gwiwa, na murɗa makulli.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka a inuwar da babu abin da zai tashe ka.

Taka har mu haɗu,
Hadiza, matar direban daji